1300 ce, 1500 ce, ko 1600? Yadda ake gane girman injin tsohuwar Bitil

Motar Kawu ta fi shekara ashirin a ƙarƙashin rumfar kwano a gidansa na Runjin Sambo. Tayoyi sun sace sun manne da ƙasa, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa, jikoki kuma kullum suna rigimar wanda zai zauna a kujerar direba. Volkswagen ce, irin mai doron nan da muke kira Bitil, wadda injinta ke baya, but ɗinta ke gaba. Da kuɗin ƙarin albashin Udoji ya saye ta a 1975, ta hannu, wurin wani malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki. Bara, bayan Babbar Salla, ƙanena ya ce shi fa sai ya tashe ta. Kawu ya yi dariya, ya miƙa masa makulli da wata tsohuwar ambulan mai takardun motar, ya ce, "In kat tashe ta, taka ta."

Injin na juyawa, amma ba matsi ko kaɗan, aka ce sai an sauya zobban fistin. Da ya kira mai kayan gyara a waya, tambaya ɗaya aka yi masa: injin nawa ne? Ya duba takarda, an rubuta 1300. Ya zagaya bayan mota, ga 1500 ɓaro-ɓaro da farin ƙarfe a jikin murfin inji. Ya goge lambar inji da tsumma da kananzir, ya ga ta fara da harafin H, ya bincika a wayarsa aka ce masa H na 1500 ne. Shaidu biyu sun rinjayi ɗaya. Ya tura kuɗi, ya jira mako uku, kaya suka iso. Ranar da aka sauke injin, tsohon makaniken da muke ce wa Baba ya ɗauki sabon zobe ɗaya ya zura shi cikin silinda. Giɓin da ya kamata ya rage tsakanin bakunan zoben bai kai rabin milimita ba. Wannan kuwa, Baba ya zare fensir daga bayan kunnensa ya soka a giɓin, ya shige.

Injin 1600 ne. Babu ko ɗaya daga cikin shaidun uku da ya faɗi haka, kuma in an bi ta a hankali babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Sai an fara fahimtar abin da ake nufi da girman inji, don nan ma ana ruɗewa. Ba nauyinsa ba ne, ba kuma wurin da ya ci a bayan mota ba. A cikin kowace silinda akwai fistin da ke kai da komowa. Sararin da yake sharewa daga inda ya faro zuwa inda ya tuƙe shi ake aunawa, sannan a tara na dukan silindodin. Ma'aunin shi ne si-si, wanda 'yan kabu-kabu suka fi kowa riƙewa a baki, shi ne kuma dai wanda ke jikin sirinjin allura. Si-si ɗaya mililita ɗaya ne. Ledar fiya wata si-si 500 ce, ke nan injin 1500 leda uku ne in aka haɗa silindodinsa huɗu.

Abu biyu ne kawai ke haifar da wannan adadi: faɗin bakin silinda, da tsawon tafiyar fistin. Faɗin na silinda ne da fistin ɗinta. Tafiyar kuwa karanshaf ne ke yanke ta, wato ƙarfen da fistin ke juyawa in yana kai da komowa. Lissafin a injin Bitil yana da sauƙi saboda silinda huɗu gare shi: ka ninka faɗi sau faɗi, sau tafiya, sau 3.1416, ka raba da 1000. Faɗin milimita 85.5 da tafiyar milimita 69 zai ba ka 1584 da 'yan kai, shi ake cikewa a ce 1600.

Bitil ɗin da aka yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa 1953 si-si 1131 gare su, faɗi 75, tafiya 64. Daga 1954 aka buɗa faɗin zuwa 77, ya zama 1192, wato 1200 ɗin da ya daɗe ana yi. A watan Agustan 1965 aka kawo sabon karanshaf mai tafiyar 69, faɗi yana nan 77, aka sami 1285, shi ne 1300. Shekara guda bayan haka aka sa wa Bitil silinda mai faɗin 83, ya zama 1493, wato 1500. Daga bisani 85.5 ya zo, 1584.

A nan gizo ke saƙa. Daga 1300 zuwa 1600 karanshaf ɗin tafiyarsa ɗaya ce, 69. Bambancin duk yana ga faɗin silinda. Silindar Bitil kuma ba kamar ta motocin yanzu ba ce da ake hudawa a jikin bulok guda. Kowace tana zaman kanta, mai haƙarƙari a jiki kamar ta babur, ana zare ta a sa wata. Biyu na kwance ta dama, biyu ta hagu, suna fuskantar waje. Silindar 1600 tana zama daram a mazaunin ta 1500 ba tare da an taɓa komai ba. Ta 1300 ma ana iya mai da ita 1600, sai dai a nan dole a sauya kan silinda, wanda makanikai ke ce wa tof, ko a kai shi wurin masu injin yankan ƙarfe su buɗa shi. To ka ɗauki makaniken da ya sauke inji a Sakkwato a 1986, ya je neman fistin da silinda, abin da ya samu a kasuwa na 1600 ne, kuma ya san za su shiga. Me zai hana shi? Ya ɗaura, mota ta tashi da ƙarfi fiye da da, mai mota ya yi godiya. Ba wanda ya ɗauko guduma ya gyara lambar inji, ba wanda ya koma ofishin lasin.

Rubutun da ke kan murfin baya shi ne shaidar da ta fi kowace rauni, kuma ita mutane suka fi yarda da ita domin ita ke ƙyalli. 'Yan ƙusoshi ne ke riƙe da rubutun, murfin kansa kuma noti ƙalilan ne. Motar da injinta ke baya, duk wanda ya buge ta daga baya murfin nan ne ke fara karɓa. Da muka tambayi Kawu, sai da ya yi shiru kafin ya tuna cewa wata motar itace ta taɓa murƙushe masa bayanta a hanyar Bodinga, aka samo murfi a jikin wata matacciyar Bitil aka yi masa fenti. Rubutun 1500 ya biyo murfinsa.

Ko da rubutun na asali ne, akwai tarko. 1302 da 1303 ba girman inji ba ne, sunan samfuri ne, kamar yadda 504 a jikin Fijo ba ya nufin si-si 504. An fito da 1302 a 1970, 1303 mai lanƙwasasshen gilashin gaba a 1972, kuma ana samun su da inji daban-daban. Wanda aka ƙara wa S a ƙarshe shi ne ya fito da 1600. An ce musu 1302 ne saboda kamfanin Simca na Faransa ya riga ya kama 1301. Ana gane su daga safaya: tana kwance a but, ba a jingine ba.

Takardun mota su ma tarihin ranar rajista suke ba ka. Abin da ya fi su amfani shi ne lambar shasi, wadda ke buge a ƙarfen tsakiyar mota in ka ɗaga kujerar baya, da kuma a wani ɗan faranti bayan safaya. A motocin da aka ƙera a Jamus daga samfurin 1965, lambobi biyu na farko nau'in mota ne, 11 ita ce Bitil mai rufi da muka sani, ta uku kuma shekara ce. 118 samfurin 1968 ne. Daga 1970 lambar ta koma guda goma maimakon tara. Shekarar samfuri a wurinsu daga watan Agusta take farawa, don haka motar da aka ƙera a Oktoban 1972 ta 1973 ce. Akwai wata alamar da ba sai an ɗaga kujera ba: Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, saboda haka Bitil mai sitiyari a dama galibi kafin lokacin ta shigo. Lambar shasi ba ta faɗin girman inji, amma tana faɗin wane inji ne zai yiwu motar ta fito da shi. Ta Kawu ta fara da 113, lambobi goma, samfurin 1973. Wannan kaɗai ya isa ya sa ƙanena ya dakata, da ya san abin da Baba ya sani.

Lambar inji ita ce babbar shaida, ita ce kuma aka fi yi wa mummunar fahimta. Tana jikin bulok, daidai ƙarƙashin ƙafar da ke ɗauke da dainamo ko altaneta, saman fulin da fanbel ke ja. Yawanci baƙin mai da ƙurar hunturu sun yi mata kanta, sai an goge. Kada a kankare ta da ƙarfe, domin bulok ɗin haɗin magnesiyam ne, yana da taushi, kana iya share abin da kake nema. Tsumma, kananzir da fitilar waya daga gefe sun wadatar. Kafin tsakiyar shekarun 1960 lambobi ne zalla. Daga nan aka riƙa sa harafi a gaba. D na 1200 ne. F na 1300 ne. H na 1500. B na 1600 na farko-farko. Da aka sake fasalin injin a Agustan 1970 sai aka koma haruffa biyu: AB na 1300, AD na 1600, AE na 1600 da aka kai Amurka, daga baya AR ya gaji AB, AS ya gaji AD. Akwai kuma waɗanda aka rage wa matsi musamman domin ƙasashen da fetur ɗinsu ba shi da ƙarfi, irin su E a 1300 da L a 1500.

Mu nan muna da ƙarin ruɗani da Bature mai Bitil ba shi da shi. Kamfanin Volkswagen ya buɗe wurin harhaɗa motoci a Ojo, kan hanyar Badagiri a Legas, a 1975, shekarar da Fijo ta fara nata a Kaduna. Kaya da yawa daga Burazil ake kawo su, Igala ma da dattawa suka sani ai motar Burazil ce mai suna Brasília aka sauya wa suna. Injinan Burazil suna da nasu haruffan: BF na 1300 ne, BH na 1500. Wanda ya ga B a farkon lamba ya ruga jadawalin Jamus zai ce 1600 ne, alhali bai karanta harafi na biyu ba. Haka nan Meziko ta ci gaba da ƙera Bitil a garin Puebla har ranar 30 ga Yulin 2003, kayan gyaranta kuma sun zaga duniya. An ƙera motar nan fiye da miliyan 21 da rabi a ƙasashe da dama, kuma galibin kayanta suna shiga juna. Abin da ya sa ta daɗe a hannun talaka ke nan, shi ne kuma ya sa da wuya ka sami wadda ba a gauraya ba.

Wani yaron gareji ya taɓa nuna mani AS41 a gefen wani bulok da ke yashe a wurin Baba, yana cewa ga shi nan, AS, 1600 ne. Wannan rubutun ba buga shi aka yi ba, tare da ƙarfen aka zubo shi, kuma sunan haɗin magnesiyam ɗin ne, ba ruwansa da girman inji. Akwai kuma bulok da aka sayar sabo a matsayin kayan gyara, wurin lambarsa fili ne fetal, ko makanike ya buga abin da ya ga dama. Injin da kamfani ya karɓa ya sabunta a Jamus yakan zo da X a ƙarshen lamba.

H ɗin motar Kawu gaskiya ya faɗa: an haifi bulok ɗin a matsayin 1500. Baba ya kalli lambar, ya kalli motar, ya ce wa ƙanena, "Ɗana, wanga inji ya girmi motag ga. Ba nata ba na." An daina sa H a Bitil ta Jamus tun 1970, mota kuma ta 1973 ce. Ke nan tun kafin a yi maganar silinda, an taɓa sauya injin ɗungurungum, wataƙila daga wata Bitil, wataƙila daga Kombi, don ita ma ta yi amfani da 1500. Inji da aka taɓa ciro shi daga wata mota kuwa, ba ka da dalilin zaton ba a taɓa buɗe cikinsa ba. Ƙanena ya ce, "To Baba, ai lamba ba ta ƙarya." Baba ya ce, "Awo, ba ta ƙarya. Amma abin da tas sani kaɗai taka hwaɗi. Ranad da anka buga ta tas sani."

Kafin ma ya kalli lambar, Baba ya riga ya gane daga kallo ɗaya, kuma abin da ya gani yana da kyau mai tsohuwar Bitil ya iya gani. Daga kafireta akwai bututun da ke raba iska da fetur hagu da dama zuwa kan silinda, shi ne manifol. A tsohon fasali bututu ne guda siriri, yana shiga kowane tof ta ƙofa ɗaya, silinda biyu su raba. A fasalin Agustan 1970 an yi wa kowace silinda ƙofarta, manifol ɗin ya zama gida uku, na tsakiya da na gefe biyu masu kauri, an haɗa su da robobi biyu masu ɗamara. In ka ga robobin nan, injin mai ƙofa biyu ne. Motar 1973 mai 1300 da ta fito daga Jamus da mai ƙofa biyu ya kamata a gan ta, ta Kawu kuwa ƙofa ɗaya ce. Sai dai a kula, akwai masu cewa duk mai ƙofa biyu 1600 ne. Ba haka ba ne. AB mai ƙofa biyu ne kuma 1300 ne, B mai ƙofa ɗaya ne kuma 1600 ne. Ƙofa tana gaya maka zamanin tof, ba faɗin abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Kafireta ma haka. Solex ce, lambarta na jikin kofin mai. 28 PICT ta 1200 ce, 30 PICT tana kan 1300 da 1500 da 1600 mai ƙofa ɗaya, 31 PICT-3 tana kan 1300 mai ƙofa biyu, 34 PICT-3 kuma ta 1600 mai ƙofa biyu ce. Amma noti biyu ne ke riƙe da kafireta, kuma ita ce abin da makanike ke fara zargi in mota ta ƙi zama a silo. A shekara hamsin an sauya ta sau nawa? Ni a ganina duk wanda ya yanke hukuncin girman inji daga kafireta bai fi wanda ya yanke daga launin fenti ba.

Akwai wata alama guda da nake ganin ƙimarta, don ba a sauya ta da sifana. A injinan kafin Agustan 1960, ƙafar dainamo tare aka zubo ta da bulok, jiki ɗaya ne. Daga nan aka mai da ita mai noti, ana cirewa. In ka ga mai jiki ɗaya, ka san kana gaban 1131 ko 1200 na farko, kuma kayan injinan baya ba za su yi masa ba. Batun lantarki kuwa, ko bolt 6 ne ko 12, yana da amfani wajen sayen kik, domin fulayiwil, faifan ƙarfen da kik ke kamawa, na bolt 6 haƙora 109 gare shi, na 12 kuma 130, amma ba ya raba gardamar si-si.

Sai maganar doki, wadda ke rikita masu bincike a intanet. Jamusawa da Amurkawa ba hanya ɗaya suke auna ƙarfin inji ba a wancan zamani. 1200 na bayan 1960 doki 34 ne a Jamus, 40 a Amurka. 1300 na farko doki 40 ne a Jamus, 50 a Amurka. 1600 mai ƙofa biyu 50 ne a Jamus, 60 a Amurka. Ke nan in mai sayar da kaya ya rubuta "na doki 40", sai ka tambaye shi dokin wace ƙasa, in ba haka ba ka sayi kayan 1200 kana zaton na 1300 ne.

To me ya rage? Awo. Wasu na cewa a cire fulogi a zura tsinke ta ramin, a juya inji da hannu a ga iya inda fistin ke kaiwa da komowa. Dabarar tana da tushe, amma ramin fulogin Bitil a karkace yake, tsinken ba ya tafiya daidai da fistin, kuma ko ta yi aiki tafiya kawai za ta nuna maka, wato 64 ko 69. Za ta ware maka 1200 daga sauran, ta bar ka da 1300 da 1500 da 1600 a dunƙule, waɗanda su ne ake gardama a kai. Ga kuma haɗarin tsinke ya karye a ciki. Wasu na ɗura baƙin mai da sirinji su ƙirga, tunda silinda ɗaya ta 1300 si-si 321 take sharewa, ta 1500 373, ta 1600 396. A injin da silindarsa ke kwance iska na maƙalewa a ciki, zobban da suka cinye kuma suna zurarar da man, sai ka ƙare da adadin da ba na kowa ba.

Hanyar da ba ta da gardama ita ce a cire tof a auna bakin silinda. Mutane na jin tsoron wannan fiye da kima. Noti huɗu ne ke haɗa injin Bitil da giya. Makaniken da ya saba, in ya kwance wayoyi da tiyon mai da wayar totur, yakan sauke shi a kan jak kafin shayi ya huce sau biyu. Da Baba ya ɗaga tof, ya zuba ɗan fetur a kan fistin ya goge baƙin da ya daskare da tsohon buroshin haƙori. A hankali kibiya ta bayyana, wadda ke nuna ɓangaren fulayiwil, gefenta kuma ga lambobi ƙanana, 85 da ɗigo da wasu biyu. Fistin kullum yakan gaza silindarsa da ɗan abin da ido ba ya gani, shi ya sa za ka ga 85.45 ko kusa da haka maimakon 85.5, ko 82.95 a na 1500, ko 76.95 a na 77. In rubutun ya goge, ma'aunin ƙarfe mai baki biyu na masu yankan ƙarfe zai ba ka amsa, kai ko rular 'yan makaranta tana raba 77 da 83 da 85.5.

In awo ya ba ka 77, da saura, domin 1200 da 1300 faɗinsu ɗaya. Sai ka juya inji fistin ya koma can ƙasa, ka auna zurfin, ka kawo shi sama ka sake aunawa, ka debe. Yanzu da tof ba ya nan rula na tsayawa daidai. 64 ne ko 69. Wannan awon na biyu yana da kyau a yi shi ko da faɗin ba 77 ba ne, saboda akwai silinda mai faɗin 83 da aka yi don injin 1200, wadda ke mai da shi 1385, ba 1500 ba. Akwai kuma mai faɗin 87 da ke shiga mazaunin 1600 ba yanka, ta ba da 1641. Waɗannan ba daga kamfani suka fito a mota ba, kayan kasuwa ne, amma suna nan.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan si-si ɗari? In mota na tafiya lafiya, kuma abin da za ka saya fulogi ne ko fanbel ko baƙin mai, gaskiya ba sai ka sauke inji ba. Lita biyu da rabi suke sha, jerin wutarsu 1-4-3-2 ne dukansu. Ka karanta lambar inji, ka dubi manifol, ka riƙe amsar a matsayin zato mai ƙarfi. Amma ranar da za a sayi zobba, ko fistin, ko silinda, ko tof, kada a tura ko sisi sai an buɗe an auna. Kayan nan ba a kowane shago suke ba yanzu, daga nesa ake aiko su, kuma mayar da su ya fi sayensu wuya.

Akwai dalili na biyu wanda ya shafe mu mu mutanen Sakkwato fiye da mai Bitil a Jos. Injin nan ba shi da lagireto. Iska ce ke sanyaya shi, fanka na bayan dainamo tana hura ta cikin wani gidan kwano da ya lulluɓe silindodin. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, iskar da za ta sanyaya shi ita kanta kamar daga bakin tanda take. Inji mafi girma ya fi ƙona mai, ya fi fitar da zafi. A tsohon fasali abin sanyaya baƙin mai yana tsaye a cikin gidan fanka, a kan hanyar iskar da ke zuwa silindodin hagu, shi ya sa silinda ta uku ta yi suna wajen ƙona bawul. Da aka yi fasalin 1970 sai aka fitar da shi zuwa wani ɗan ɗaki nasa a bayan gidan fankar, aka kuma faɗaɗa fankar. Injin Kawu silindar 1600 gare shi a cikin tsohon gidan fanka. Ba laifi ba ne, kamfanin ma ya yi 1600 mai ƙofa ɗaya a haka, amma yana nufin ba shi da rarar sanyi da za a yi wasa da ita. Baba ya nuna mana kwanuka biyu na ƙarƙashin silinda da wani ya cire ya yar tun tuni, da robar da ke zagaye injin wadda ta bushe ta karairaye, ta inda zafin salansa ke dawowa fanka ta sake zuƙa. Ya ce a nemo su kafin a yi maganar zuwa ko Shuni, a kuma riƙa daidaita bawul da sanyin safiya a kan milimita 0.15.

Zobban 85.5 sun iso bayan wani mako ukun. Na 83 mai kayan ya ce shi abin da aka tambaya ya aiko, suna nan rataye a ƙusa a garejin Baba cikin kwalinsu, ana jiran mai 1500 na gaske. Kafin a mayar da injin, Baba ya sa yaronsa ya kawo ragowar farin fenti, ya ɗaga murfin nan mai 1500 a waje, ya rubuta 85.5 da 69 a cikinsa da tsinken ashana. Ranar Juma'ar da ta biyo baya ƙanena ya kai Kawu masallaci a cikinta, Kawu na gaba yana ce masa ya rage wuta.